SABUWAR SALANSA AMMA TANA HUCI TA WUYA: ƘARA ƊAURE NOTI BA SHI NE MAGANI BA

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba. A karanta a nutse, a tura wa mai babur.

  'Yan acaɓa, 'yan kabu-kabu na Maraɗi da Damagaram, masu kai saƙo, ma'aikatan da ke zuwa ofis a kan mashin, da yaran gareji masu koyon aiki, kowa da kowa sannunku da ƙoƙari.

Yau a kan salansa za mu tsaya, kuma abin da ya jawo maganar saƙo ne da wani ɗan'uwa ya turo mana daga Funtuwa. Ga abin da yake cewa: "Malam, salansar babur ɗina ta ruɓe, na sayi sabuwa ta kasuwa, ba irin wadda babur ɗin ya zo da ita ba, aka ɗaura mini. Tun ranar nake jin wani sauti tsit-tsit-tsit a wajen inji, musamman da safe. In na saki totur a gangara kuma sai ta riƙa harbi, tas, tas. Na koma an ƙara ɗaure notin har sau biyu, ba ta daina ba. Yanzu an ce in kawo a shafa mata gam. Mene ne shawara?"

To ɗan'uwa, shawara ta farko tun kafin mu yi nisa: kada ka bari a ƙara ɗaure notin nan karo na uku. Ka tsaya haka. Domin abin da ke biyo bayan ɗauri na uku, sau da yawa, ƙaramin sauti ne guda ɗaya, ƙas, daga nan kuma aikin minti talatin ya koma na kwana biyu. Abin da ke rufe wuyan salansa ba ƙarfin hannu ba ne. Abu biyu ne: sabon gaskit, da zaman salansar daidai a mazauninta. In waɗannan biyun sun samu, ɗauri kaɗan ya wadatar. In babu su, ko ɗan dambe ka kira ya ɗaure, sai ta yi huci.

MU FARA DA SANIN WAJEN

Salansa kashi biyu ce. Akwai tulun da ke baya, wanda ke rage ƙara. Akwai kuma bututun da ya lanƙwaso daga inji ya zo ya same shi, shi ne muke kira wuyan salansa. A yawancin baburanmu na aiki, irin su Boxer da Haojue da TVS da Jincheng, wuyan da tulun a haɗe suke da walda, abu ɗaya ne. A manyan babura da irin salansar ƙawa da samari ke sawa, wuyan daban, tulun daban, ana zura ɗaya cikin ɗaya a kama da kilam.

Inda wuyan ya haɗu da hed, wato kan inji, nan ne maganarmu take. In ka cire salansa ka leƙa, za ka ga rami zagayayye, ƙofar da hayaki ke fitowa ke nan. A cikin ramin akwai ɗan mazauni kamar dakali, a nan gaskit yake zama, wani zobe ne, yawanci na jan ƙarfe, wasu kuma ƙarfe ne da aka cusa wa wani abu mai laushi a ciki. A gefe da gefen ramin akwai sitod guda biyu, wato ƙusoshi masu zare da aka dasa a jikin hed. Sai kwala, wancan ƙarfen mai huda biyu da ke jikin wuyan salansa. In ka ɗaura noti a kan sitod, noti ya tura kwala, kwala ta tura leɓen bututu, leɓen bututu ya danne gaskit, gaskit ya lotsa ya cike duk wata 'yar kafa. Shi ke nan aikin.

Ku riƙe kalmar nan, lotsawa. An yi gaskit ɗin nan ne domin ya lotsa sau ɗaya. Da zarar ya lotsa ya ɗauki siffar tsohuwar salansa, ya sha wuta ya taurare, to ya gama aikinsa a duniya. Ba zai sake lotsawa ya ɗauki siffar sabuwa ba.

Kuma wajen nan ba wajen wasa ba ne. Hayaƙin da ke fitowa daga inji in ana cikin tafiya yakan haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyas. Injin silinda ɗaya mai bugu huɗu, in yana juyi 6,000 a minti, sau 50 yake tofo hayaƙi a cikin daƙiƙa ɗaya. Sannan hed ɗin na alminiyam ne, sitod da bututu kuma na ƙarfe, shi kuwa alminiyam in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa. Kullum in ka tayar da babur wajen ya kumbura, in ka kashe ya tsuke. Shi ya sa ɗan'uwanmu ya fi jin tsit-tsit ɗin da safe. Inji na sanyi kafar a buɗe take, in ya ɗau zafi sai ƙarfe ya kumbura ya ɗan rufe ta, kai kuma ka ɗauka ta warke.

ME YA SA SABUWA TAKE HUCI?

Dalili na farko, kuma shi ya fi yawa: tsohon gaskit. Ko dai an mayar da shi an ɗora sabuwar salansa a kai, ko kuma, wanda ya fi ban haushi, an sa sabo a kan tsohon ba a sani ba. Kun san tsohon gaskit in ya daɗe yakan yi baƙi ƙirin ya manne, ka leƙa ka rantse jikin hed ne. Sai yaro ya ce "Oga, babu gaskit a ciki," a ɗauko sabo a ɗora. Gaskit biyu a kan juna ba sa zama daidai, ɗaya sai ya zame.

Na biyu: salansar kasuwa ba lallai ne lanƙwasarta ta zo daidai da ta asali ba. Bambancin milimita uku ko huɗu a wajen kunnen baya, wato inda ake ɗaure ta a jikin babur, ya isa ya karkatar da leɓen bututu a cikin hed. Sai ya danne gaskit ta gefe ɗaya, ɗaya gefen a sake.

Na uku: tsarin ɗauri. Wani zai fara ɗaure kunnen baya tamau, sannan ya dawo gaba ya jawo wuyan da ƙarfin noti. Wani kuma zai ɗaure noti ɗaya har ƙarshe kafin ya taɓa na biyu. Duka biyun karkata suke haifarwa.

Na huɗu: kwala ta lanƙwashe saboda yawan ɗauri, ko leɓen sabon bututun yana da tudun walda, ko faɗinsa bai yi daidai da gaskit ɗin da aka sa ba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai ɗan sauti ne kawai. A'a malam. Bayan kowace tofowar hayaƙi akwai ɗan zuƙo da ke biyo baya a cikin bututu. In akwai kafa, iskar waje takan shiga ta nan, ta haɗu da guntun man da bai gama ƙonewa ba, ya kama wuta a cikin salansa. Harbin nan da kake ji in ka saki totur ke nan. Sannan zafin hayaƙin da ke tsartuwa ta kafar yana cin mazaunin gaskit a hankali, kuma mazaunin nan jikin hed ne, in ya cinye ba a sayar da shi daban. Ga sitod da ke shan wuta kai tsaye yana tsatsa. Ga baƙin hayaƙi a ƙafar wando. Abin da gaskit ɗin da bai kai kuɗin litar mai ba zai magance yau, gobe sai an sauke hed.

YADDA AKE ƊAURA TA

Yanzu mu zo kan aikin, daki-daki. Ko ba kai za ka yi da hannunka ba, ka san shi, domin ka tsaya a kan babur ɗinka ana yi kana gani.

Da farko, inji ya huce sarai. Ba a wannan aikin da zafi. Ban da ƙuna, zaren alminiyam ya fi saurin cinyewa in yana da zafi. A kafa babur a kan ƙafar tsakiya, a waje mai haske.

Kafin a taɓa tsofaffin notin, a jiƙa su da man kwance tsatsa na feshi. In babu, kananzir da ɗan baƙin mai ma suna taimakawa. A ba shi lokaci ya ratsa, in da hali ma tun dare. A sa sifana mai zobe ko soket wanda ya kama notin cif, ban da mai baki buɗe, ban da filaya. In noti ya yi gardama kada a yi masa ta ƙarfi. A ɗan motsa shi gaba, a dawo baya, a ƙara mai, a sake. Sannu ba ta hana zuwa.

An cire tsohuwa? To a ɗauko tocila a leƙa ramin. A sa siririn sukundireba ko waya mai ƙugiya a ɗan ƙwaƙuli gefen. In ka ga jan ƙarfe ya ƙyalla a ƙarƙashin baƙin, tsohon gaskit ne, a ɓamɓaro shi a hankali, ba tare da an karce mazaunin ba. A cusa tsumma mai tsabta a cikin ramin domin kada datti ya faɗa wajen bawul, a kankare baƙin da ya daskare, a goge. Don Allah a tuna a ciro tsumman. Kada ku yi dariya, an sha mantawa.

Sai a duba sitod. A wanke zarensa da buroshin waya. In ka ga ya sirance a tsakiya, ko ya karkace, ko zaren ya cinye, yanzu ne lokacin canza shi, tun yana da tsawon da za a kama. Dabarar cire shi: a ɗaura noti biyu a kansa, a matse su da juna, sannan a juya na ciki, sai sitod ɗin ya biyo.

Yanzu gwaji ba tare da gaskit ba. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin. Ka ɗaga sabuwar salansar, ka zura wuyanta a cikin hed, ka riƙe shi ya zauna sosai, sannan ka waiwaya ka dubi kunnen baya. Hudarsa ta zo daidai da hudar jikin babur? In ta zo, alhamdulillahi. In ba ta zo ba, ga ƙa'idar da nake so kowa ya haddace: kunne ake gyara wa zama, ba wuya ba. In hudar ta kauce kaɗan, a faɗaɗa ta da fayil. In akwai tazara tsakanin kunne da jikin babur, a cike da washa. In ta kauce da yawa, a kai wa mai walda ya matsar da kunnen, ko a mayar wa mai shago a canzo. Amma kada a ce noti ne zai jawo ta. Salansar da aka ɗaure a kan dole, ko ta yi huci, ko girgiza ta tsaga ta a wajen walda, ko ta karya sitod.

A nan ne kuma za ka duba leɓen bututun. Ka shafa da yatsa. In akwai tudu ko kaifi, a shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen fuska, a goga leɓen a kai har ya daidaita. Ka ɗora sabon gaskit a kan leɓen ka gani, dole faɗinsu ya yi daidai. Shi ya sa in za ka kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna ko shagon garinku, ka tafi da tsohon gaskit a aljihu, kuma ka sayo biyu, ɗaya na ajiya.

To an gamsu da zama. A sa sabon gaskit a mazauninsa. In yana faɗowa, ɗan ɗigon giris zai riƙe shi, in inji ya tashi zai ƙone ya tafi. A shafa wa zaren sitod ɗan man hana kamewa, irin mai ruwan jan ƙarfen nan, domin wanda zai kwance nan gaba ya yi maka addu'a. Wasu injinan, musamman masu tsarin Honda CG, suna da wasu ɓari biyu na ƙarfe da ke shiga tsakanin kwala da leɓen bututu. Ka lura da yadda suka fuskanta tun lokacin cirewa, ka ɗauki hoto da waya ma, domin in aka juya su ba za su danna ba.

Sai a ɗaura komai da yatsa kawai. Noti biyun gaba da yatsa, ƙusar kunnen baya da yatsa, kilam in akwai shi a sake. Salansa tana rataye amma tana iya motsi. Ka ɗan girgiza ta, ka tura wuyan ciki, ka ji ya zauna.

Daga nan ɗauri, kuma daga gaba ake farawa a tafi baya. Notin hagu rabin juyi, na dama rabin juyi. Hagu, dama, hagu, dama. Idonka a kan tazarar da ke tsakanin kwala da hed, ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu. Ku saurara da kyau a nan: a babura da yawa kwala ba ta taɓa jikin hed, ko an gama ɗauri akwai 'yar tazara da ke raguwa, haka aka yi ta. Masu ƙoƙarin sai sun rufe wannan tazarar su ne ke lanƙwasa kwala su karya sitod.

Nawa ne ƙarfin ɗaurin? In kana da sifanar awo, littafin babur ɗinka shi ne alƙali. Amma a bisa al'ada, sitod mai kaurin milimita 6, wanda sifana lamba 10 ke kama notinsa, tsakanin 10 ne da 12 a ma'aunin Nm. Mai milimita 8, na sifana lamba 12, wajen 20 zuwa 25. Bari in fassara muku. Nm 10 a kan sifana mai tsawon santimita 15, ƙarfin da za ka sa bai wuce na ɗaga kilo 7 ba. Ko bokitin ruwa mai lita 10 bai kai ba. Ƙarfin tsintsiyar hannu ne, ba na kafaɗa ba. Duk wanda ka ga ya zura bututu a sifana domin ya ƙara tsawo a kan notin salansa, ka riƙe hannunsa.

In gaba ta ɗauru, sai kilam na tsakiya in akwai, sannan kunnen baya a ƙarshe.

MAGANAR GAM

Ɗan'uwanmu ya ce an ce a shafa gam. Jan silikon ɗin nan da ake sayarwa a tub, mai jure zafi, iyakarsa wajen digiri 300 zuwa 350. Mun ce hayaƙi a bakin hed yana haura 600. Kun ga lissafin bai fita ba. Zai yi shiru kwana biyu, ya ƙone, ya zama gari, a dawo gidan jiya. Inda yake da amfani shi ne can baya, mahaɗar da bututu ke shiga cikin tulu, inda zafi ya ragu, a shafa siriri kafin a zura. Amma a bakin hed, gam ba ya maye gurbin gaskit. Haka zaren buhu, haka gwangwanin da ake yankawa a naɗa. Dabarar daji ce, ta kai ka gida, ba ta zama ba.

In kana ƙauye babu sabon gaskit kusa, kuma tsohon naka jan ƙarfe ne zalla, ba mai cushe ba, ana iya gasa shi a wuta har ya yi ja, a bar shi ya huce ko a tsoma a ruwa. Jan ƙarfe yakan yi laushi in an yi masa haka. Zai ɗan riƙe ka zuwa ranar kasuwa. Amma kaurin da ya rasa ba ya dawowa, saboda haka ka sayi sabo.

GWAJI

Kafin ka tayar, ka goge bututun da tsumma da ɗan fetur ko sifirit, ka bari ya bushe sarai, musamman in mai ƙyalli ne. Shatin yatsa da maiƙo in suka sha wuta sukan zauna a jiki har abada.

Sannan a fito da babur waje. Ina ƙara faɗa, waje. Ba cikin shago a rufe ba, ba cikin zaure ba. Hayaƙin babur yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai wadda muke jin ta hallaka mutane in an kwana da janareto a cikin gida.

Ka tayar, ka bar shi a silo. A cikin daƙiƙun farko kafin wajen ya yi zafi, ka kawo bayan hannunka kusa da kwala, kusa fa na ce, ba taɓawa ba. In akwai huci za ka ji iska na bugun fatarka. Ko ka riƙe gashin kaza ko siririn ƙyalle a wajen, in yana rawa akwai kafa. Ko ka yayyafa ruwan sabulu tun inji na sanyi, ka ga ko zai yi kumfa. Wata dabarar: wani ya ɗan toshe bakin salansa da tsumma na daƙiƙa biyu ko uku. In ko'ina a rufe yake, inji zai nemi mutuwa. In akwai kafa, zai ci gaba da tafiya kana jin tsit-tsit ɗin ya ƙaru.

Komai lafiya? Ka bar shi ya yi zafi, ka ɗan zaga unguwa, ka dawo ka kashe, ka bar shi ya huce gaba ɗaya. Sannan ka sake ɗora sifana a kan notin nan biyu. Za ka ji sun ɗan saki, domin gaskit ya ƙara kwanciya. Ka mayar da su yadda suke, ba ƙari. Bayan kwana biyu ko uku na aiki ka sake dubawa. Baƙin hayaƙi a gefen kwala shi ne shaidar da ba ta ƙarya.

Kada a manta da zagaye salansar da ido. Ba ta taɓa birkin ƙafa in an taka? Ba ta gogar shokoba in an ɗauki kaya? Babu waya ko tiyo da ke kwance a kanta? Sannan murfin kariyar zafi. Yawancin salansar ƙawa ba sa zuwa da shi. Ku da kuke ɗaukar iyali da fasinja, kun san tabon salansa a ƙaurin mata da yara, kun san yadda take narkar da hijabi da leshi. In babu murfi, a sa. Wannan ba ado ba ne.

KAFIRETO FA?

In salansar da ka sa irin ta asali ce, ba ruwanka da kafireto. Amma in buɗaɗɗiya ce, wadda hayaƙi ke fita ba shamaki, tana iya sa inji ya riƙa samun iska fiye da mai. Alamarsa: zafi fiye da kima, shaƙewa in ka murɗa totur, harbi ko bayan an rufe wuya. Ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka bari ya huce, ka ciro fulogi. In bakinsa ruwan ƙasa ne kamar shayi da madara, lafiya. In fari ne fat, mai ya yi kaɗan, kuma tafiya a haka tana gasa bawul da fistan. In baƙi ne mai gari, mai ya yi yawa. Gyaran shi ne a canza jet zuwa lamba ta gaba, mataki ɗaya, a sake gwadawa. Ba a faɗaɗa jet da allura. Amma fa sai an tabbatar wuya ba ya huci kafin a taɓa kafireto, in ba haka ba kana gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

Masu sababbin babura na injekta, akwai sensa a jikin wuyan salansa mai auna iskar da ke cikin hayaƙi. In akwai kafa a gabanta, za ta ga iska ta yi yawa, ta sa a ƙara mai, babur ya riƙa sha ba dalili. Ku tabbatar sabuwar salansar tana da mazaunin sensar. Masu tsofaffin injina masu bugu biyu kuwa, irin AX100 mai cin mai haɗe da baƙin mai, siffar salansarku wani ɓangare ne na aikin injin, ku nemi irin tata.

Bari in rufe da abin da ya faru da ni. Ina yaron gareji, shekarata ta biyu, maigidana ya tafi masallaci ya bar ni da babur ɗin wani dattijo mai kai madara. Na ɗaura salansa, na tayar, na ji tsit-tsit. Na ƙara ɗauri. Bai daina ba. Na ce yau sai na nuna na iya, na ɗauko dogon sifana na danna da kafaɗa. Sai ƙas. Sitod ya karye daidai da fuskar hed, babu ko abin kamawa. Da maigida ya dawo bai ce mini uffan ba, ya ɗauki sukundireba ya zura a ramin, ya ciro gaskit, ya sake zurawa ya ciro wani, ya ɗora mini su biyu a tafin hannu. Sai da aka sauke hed aka kai wajen masu injin huda. Dattijon nan kwana biyu bai fita sana'a ba, kuma maigidana ne ya biya daga aljihunsa. Har yau in na ɗora sifana a kan notin salansa sai na tuna fuskar mutumin nan yana zaune a kan benci yana jira.

In hakan ta same ka, sitod ya karye amma akwai guntu a waje, mai walda zai iya liƙa noti a kansa, zafin waldar ma yana taimakawa ya saki. In ya karye a ciki, kada ka sa a yi ta huda da hannu a karkace. A kai wa masu aikin.

Saboda haka ɗan'uwa na Funtuwa, gobe in Allah ya kai mu ka sayi gaskit sabo, ka je da sassafe inji na sanyi. A kwance salansar gaba ɗaya, a leƙa ramin da tocila, a gwada zamanta, a gyara kunne in ya kauce, a ɗaura daga gaba zuwa baya. Ka dawo ka ba mu labarin gaskit nawa aka samu a ciki.

Mako mai zuwa in sha Allah za mu yi maganar cen da sifaket, yaushe ake ja, yaushe ake canzawa. Mai tambaya ya turo, za mu karanta a shiri. A sa hular kwano, a rage gudu, iyali na jira a gida. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.